Koya wa Yaya Aikin Inji

Wurin da na koyi surfani ba shago ba ne irin na bakin titi. Tsohon gidan ƙasa ne a wani lungu tsakanin Shahuci da Kasuwar Kurmi, wanda masu shi suka tashi suka koma bayan gari, aka bar mana zaure da soraye biyu. Mai wurin, Alhaji, farin dattijo ne mai ƙarancin magana, daga zuriyar Larabawan nan da kakanninsu suka zo fatauci daga Turabulus suka zauna. Yana da rumfar yadi a kasuwa, kuma duk wanda ya sayi shadda a can yana son a yi mata aiki, wurinmu ake kawo ta.

Na shiga bayan na gama sakandare, da ta tabbata ba zan wuce gaba ba. Mahaifina ya kai ni ya damƙa wa Alhaji, shi kuma ya damƙa ni a hannun shugaban masu keken surfani. Ba mu haɗa jini da mutumin nan ba, amma Yaya kowa yake ce masa, har waɗanda suka ɗan girme shi. Dogo ne, mai tsanani a kan aiki. Shi ya koya mini murza hannun keken surfani ta ƙarƙashin tebur alhali idona yana sama kan allura. Idan layi ya karkace ba ya zagi, reza kawai zai miƙo ya ce a farke. Akwai wuyan wata riga da na yi ta farkewa har na tsani launin zarensa. Amma ranar da na fitar da aiki mai kyau na farko, da kansa ya ɗauki rigar ya shiga soro-soro yana nunawa, ya aika aka sayo mini gurasa da tsire.

A zaure kuwa, daidai inda hasken ƙofa yake faɗowa, Baba mai zane yake zama a kan buzu. Da alƙalamin kara da tawada yake zana adon aska da tambari a kan ƙyalle kafin ya iso hannunmu, mu namu bin layinsa ne da zare. Tun zamanin mahaifin Alhaji yake wurin.

Sauyin bai zo mana a rana ɗaya ba. Da farko wani ne zai shigo da riga a leda, ya buɗe ya ce irin wannan yake so. Sai mu ga aiki sumul, dama da hagu kamar an buga da hatimi, a ce mana na kwamfuta ne, kuma a yini guda aka gama shi. Yaya yakan juya bayan ƙyallen ya duba, ya taɓe baki ya ce ba shi da rai. Mai riga ya naɗe abarsa ya tafi inda za a yi masa. Makarantun da suke kawo mana bajo na kayan ɗalibai suka daina zuwa. Azumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda muka kai goman ƙarshe ana jin hirar masu wucewa a lungu, saboda rabin kekunan a rufe suke da zani. A da, a irin wannan lokaci, ko sallama ba a ji saboda ƙara.

Bayan sallah babban ɗan Alhaji, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, ya kawo shawara. Mun ji ta ne domin a zaure suka yi maganar, kuma katangar ba ta riƙe murya. Ya ce a sayi injin kwamfuta, a ɗauko matasa biyu da suka riga suka iya, a sallami sauran cikin mutunci. Ba mugu ba ne, abin da ya gani ana yi a wasu wurare ya faɗa. Alhaji ya ce:

"Injin za a saya. Amma mutanen nan a gabana suka yi aure, a gabana suka yi suna. Wanda zai iya koyo a koya masa. Wanda ya kasa, to, ya zama ya gwada ne ya kasa."

"Abba, kafin su iya kasuwa ta wuce mu."

"Sai mu bi ta a baya."

Ni aka zaɓa aka tura Legas wurin masu sayar da injin, don ni ne mai ɗan Turanci a cikinmu. Na yi 'yan makonni a can ina koyon yadda ake ɗaure ƙyalle a firam, wato abin da ke riƙe shi a miƙe, yadda ake jera zaruruwa a kan allurai, da yadda ake zana aiki a kwamfuta a tura wa inji ya ɗinka. Na dawo da kai cike da abubuwa, da kuma fargabar da ban gaya wa kowa ba: waɗanda zan tsaya a gabansu su ne suka koya mini zura zare a allura.

Ranar da injin ya iso, mota ba ta iya shiga lungunmu ba. 'Yan dako aka ɗebo daga Kurmi suka ɗaura shi a kan katakai, suna tafe suna hutawa, mutane suna manne da katanga don a wuce. Da aka zo ƙofar zaure ya ƙi shiga, sai da aka kira magini ya sare gefen ƙofar. Baba ya naɗe buzunsa ya koma waje ya tsaya, yana kallon ƙasar da ke zubowa a inda ya saba zama.

Alhaji ya yanke cewa kowace safiya, kafin a fara aiki, kowa zai shigo soron inji a yi koyo. Samarin cikinmu ba su sha wuya ba, domin sun saba da danne-dannen waya. Baba shi ne yake riga kowa zuwa, ya zauna a benci na gaba da tabaransa mai kauri. Da na ce wannan abin da ake turawa da hannu sunansa linzami, ya yi dariya ya ce, "To, ai mun san linzami a wuyan riga, mun san na doki. Wannan na uku ne." Yaya kuwa bakin ƙofa yake tsayawa, hannaye a harɗe a ƙirji. Ba ya tambaya, ba ya kuma tafiya. Ni ma na kasa ɗaga ido in ce masa ya matso.

Wata safiya Alhaji ya leƙo, ya gan shi a tsaye, ya ce, "Kai ne babba, ya kamata a ga hannunka a kai." Yaya ba ya musu da Alhaji. Ya matso, ya ɗauki farar shadda ta wani mai aure, ya ɗaure ta a firam, kuma ya ɗaure ta da kyau. Na nuna masa inda zai danna, ya danna. Injin ya tashi, firam ya fara tafiya da kansa, allura tana sauka da saurin da ido ba ya iya bi. Can sai ƙyallen ya ɗan tattare a gefe. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana bin ƙyalle yana gyara masa zama a ƙarƙashin allura bai jira shawarar kowa ba, ya kai kansa wurin. Na ji ƙarar karyewar allura kafin in kai ga jan maɓallin tsayarwa.

Ta shiga ta farcen manuninsa. Jini ya ɗiga a kan farar shaddar, ya bazu. Babu wanda ya yi motsi a cikin samarin. Yaya ya dubi yatsan, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yagi ƙyalle ya naɗe. Na ce, "Yaya, mu je kemis a cire guntun." Ya ce, "Zauna ka ci gaba da karatunka," ya fita shi kaɗai.

Bai dawo ba sai bayan mako. Ya sami Alhaji a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo neman izini ne, zai koma unguwarsu a Dala ya kafa nasa. Alhaji ya ce maganar shadda ta wuce, an ba mai ita wata. Yaya ya ce ba don shadda ba ne. Alhaji ya yi ta lallashinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba. Da ya ga ba zai juyu ba, ya ce a ɗauko keken da yake aiki a kai a ba shi, ya tafi da shi. Ni da wani muka ɗora masa a kura. Da zai tafi na miƙa masa hannu, ya karɓa, amma idonsa yana kan igiyar da aka ɗaure keken. Mutum biyu suka bi shi daga baya, ba don su yi aiki tare ba, kowa ya kama gabansa.

Baba ya ci gaba da zuwa. Shi aikinsa ne injin ya cinye gaba ɗaya, domin ba a ƙara bukatar tawada a kan ƙyalle. Na ce masa ya riƙa zanawa a takarda, ni in ɗauki hoto in bi layin a kwamfuta. Muka yi haka na ɗan lokaci, har wata rana ya ce, "Wannan ai tausayina kake ji. Kana da zanen a cikin abin nan, na gani. Nuna mini in yi da hannuna." Hannunsa yana rawa. A kan alƙalami rawar ba ta dame shi ba, domin yana dafa ɗan yatsa a ƙyalle, amma linzami ko numfashi aka yi sai 'yar kibiyar da ke kan allo ta gudu. Kalmomin da ke kan allon kuma duk Turanci ne, shi kuwa ajami ya sani. Sai muka riƙa yanka farar salatif muna mannawa a gefen allo, yana rubuta ma'anar kowace alama da hannunsa: buɗe, adana, koma baya. Wannan ta ƙarshen ita ya fi so. Ya ce da ƙyalle yana da ita, da bai tsufa da wuri ba.

Tun ana zafi ya fara zana tambari ɗaya, wannan da'irar mai naɗewa da ake yi a bayan riga, bai gama ba sai da ruwa ya sauka. Muka ɗora shi a kan guntun yadi, injin ya ɗinka. Ya fito da 'yar ƙusumbi a gefe ɗaya. Baba ya kai shi bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa, yana shafawa da babban yatsa. Ya ce, "Ba za a sayar da wannan ba. Amma ni na yi shi." Ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan nan idonsa ya fara yin yana. Hasken allon yana sa shi hawaye, ya riƙa sharewa da hannun riga yana ci gaba. Daga ƙarshe da bakinsa ya gaya wa Alhaji cewa ya kai inda zai iya. Alhaji ya ce ya riƙa zuwa ko don a gaisa, kuma abin da ake ba shi ba zai tsaya ba. Ya zo na 'yan watanni, sannan ƙafa ta ɗauke. A damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa.

A wurin zaman makokinsa na sake ganin Yaya. Ya rame, rigarsa wankakkiya ce amma ta sha jiki. Na riga na ji labari cewa aikin bai karɓe shi ba a Dala. Masu son aikin keke sun ragu, waɗanda suka rage kuma tsofaffi ne da ba sa ɗinki sai shekara-shekara. An ce har ya fara karɓar adaidaita sahun wani maƙwabcinsa yana ja da rana. Bayan an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, ya matso tabarmar da nake, muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Sannan ya tambaya ba tare da ya dube ni ba:

"Wai da gaske ne Baba ya iya abin nan kafin ya rasu?"

Na ce, "Bai iya sosai ba, Yaya. Tambari ɗaya ya gama, shi ma a karkace."

"Amma ya gama."

"Ya gama."

Da aka kira la'asar muka tashi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi ranar Juma'a, aka ce ana sallama da ni a ƙofar gida. Na fito na tarar da shi. Tunda nake bai taɓa zuwa gidanmu ba, mu ne muke zuwa nasa. Na shimfiɗa tabarma a soro, na kawo ruwa. Ya sha kaɗan ya ajiye, ya ce:

"Zuwa na yi ka koya mini."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Yaya, ai ni naka ne. Da ka aiko ma da na zo."

"Mai nema shi yake zuwa." Ya ɗaga yatsan ya nuna mini, farcen ya fito a tsage. "Mutane suna cewa wannan ne ya kore ni. Allura ta sha sokina tun kana goyo. Abin da na kasa ɗauka shi ne in zauna a benci ɗaya da yaran da na raina, su gane abu tun a faɗar farko, ni a maimaita mini suna jira. Ga shi ban san baƙin boko ba. Kai ka taɓa ganin na karanta takardar wani? Ku nake miƙa wa in ce idona yana ciwo."

Gaskiya ne, kuma ban taɓa lura ba sai da ya faɗa.

Ya ce, "Yarana sun fara girma. Babbar tana tambayata me ya sa na daina zuwa da zare a jikin riga. Ban sami abin da zan ce mata ba."

Washegari na sami Alhaji na gaya masa. Ya ɗan rufe ido, ya ce alhamdulillahi, ya zaro mukullin shagon daga aljihu ya ba ni. Ya ce ranar Juma'a da safe babu kowa, mu sha man janareta yadda muke so, kuma kada in gaya wa yaran sai shi Yaya ya so.

Haka muka riƙa yi. Mu biyu a soron inji, daga hantsi har a fara shirin masallaci. Salatif ɗin Baba yana nan a gefen allo, ya yi dauɗa amma ana karantawa, da shi Yaya ya fara, domin shi ma ya san ajami. Abu mafi wuya shi ne hana hannunsa kai wa ƙyalle agaji. Da kansa ya samo dabara: idan ya danna inji ya tashi, sai ya mai da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, kamar mai duba gona. Ni kuma na sha wuya wajen ce masa ya yi kuskure. Nakan yi ta kewaye-kewaye, in ce wataƙila da an bi ta nan. Rannan ya gaji ya ce, "Kai, haka na koya maka? Idan ba daidai ba ne ka ce ba daidai ba ne." Daga ranar na riƙa faɗa, shi kuma ya sake yi ba tare da ya ɓata rai ba.

Zane a kwamfuta bai taɓa shiga kansa ba. Mun gwada, mun sake gwadawa, daga baya muka haƙura. Amma ɗaure firam, jera zare, zaɓo aiki a allo, tayar da inji da tsayar da shi, sauya allura, sa mai da share ƙurar zare, duk ya riƙe su, a hankali, kamar mai hawa dutsen Dala da kaya. Da sanyi ya shigo ya ce in gaya wa Alhaji ya shirya.

A lokacin ɗan Alhaji ne yake gudanar da shagon, domin jikin mahaifinsa ya fara rauni. Ya karɓi Yaya da girmamawa, amma ya gaya masa gaskiya: shugabancin soron inji yana hannuna yanzu, kuma zai fara ne kamar kowane sabon mai aiki, a ga yadda hannunsa yake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya ce, "Daidai ne. Haka ake yi."

Safiyar da ya dawo, samarin suka miƙe tsaye da ganinsa. Ya gaisa da kowa, ya cire hularsa ya rataye a ƙusar da ya saba, ya dube ni a gabansu ya ce, "Wanne zan fara?" Na miƙa masa wata shuɗiyar shadda. Ya ɗaure, ya zaɓi aikin, ya danna, ya mai da hannayensa baya. Muka tsaya muna jin ƙarar injin har ya kai ƙarshe ya yi shiru. Ya kwance, ya juya bayan ƙyallen ya duba, ya yanke 'yan zaruruwan da suka yi saura, ya ninke ya ɗora a kan sauran.

Alhaji bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Ɗansa, wanda a da ya so a sallami mutane, shi ne ya mai da koyon safiya doka, domin kusan kowace shekara sai wani sabon abu ya shigo, kuma ya ga wanda aka koya wa a gida ya fi zama. Biyun da suka fita bayan Yaya ba su dawo ba. Ɗaya yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa, muna gaisawa idan na wuce. Ɗayan ya bar gari, an ce ya yi kudu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ban san ko da an bi su gida an zauna da su da sun tsaya ba, kuma babu wanda ya bi su.

Yaya ya yi shekaru yana aiki a kan injin kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Yanzu nakan hau adaidaita in je Dala in gaishe shi bayan sallar Juma'a. Yana zaune a ƙofar gida a kan kujerar roba, da matashi a bayansa. Yakan tambaye ni mutanen shago ɗaya-ɗaya, har sababbin da bai sani ba, ya ce su wane ne iyayensu, kuma hannunsu yana da tsabta kuwa. Idan na tashi tafiya sai ya ce in jira, a kawo mini fura in sha tukuna.